Kabarin Hawking, Agogon Fara, da Littafin Bashin Mahaifina

Ɗan ƙanwata ne ya aiko mini da kuɗin jirgi. Shekara shida ke nan yana aikin kwamfuta a Landan, duk wayar da za mu yi sai ya ce, "Kawu, yaushe za ka zo ka ga inda nake?" Da na ajiye alli bayan shekara 33 ina koyar da fiziks a sakandare, uzurina ya ƙare. Na sauka a watan Oktoba, lokacin da su ke cewa sanyi bai ma fara ba, ni kuwa har na haɗa rigar sanyi biyu a ƙarƙashin kaftani. Kwana uku ya yi yana zagayawa da ni inda ake kai baƙi, har da kasuwar Peckham, inda na ga daddawa da busasshen kifi kamar ina Sabon Gari. A rana ta huɗu ya tambaye ni ko akwai inda raina ke so.

Na ce, "Kai ni kabari."

Ya dube ni. "Kabarin wa, Kawu?"

"Na wani bature da ya tayar da rigima a 1976, ya mutu ya bar mutane suna ta yi."

Majami'ar Westminster ba wurin da mutum irina zai shiga ya sake ba ne. Ana biyan kuɗin shiga, ba kaɗan ba, sannan daɓen cike yake da kaburbura, jama'a na ta taka su da takalmi ba ko a jikinsu. Ni dai na dinga tsallake-tsallake kamar mai gudun kwata da damina, yaron yana ta ƙunshe dariya. Can cikin babban zauren, kusa da inda aka binne Isaac Newton da Charles Darwin, muka tarar da baƙin dutsen. An zana masa zobba masu juyawa kamar ruwa na shiga rariya, an rubuta cewa nan ne abin da ke mutuwa na Stephen Hawking ya kwanta, 1942 zuwa 2018. Tokar gawar wannan masanin fiziks ce a ciki, an saka ta ran 15 ga Yuni na shekarar da ya rasu. A jikin dutsen kuma akwai lissafi layi ɗaya tak.

Na tsuguna, gwiwa na ƙara, na karanta wa yaron. Harafin T a gefe guda, wato zafi. A ɗaya gefen akwai saurin haske, da lambar Planck ta duniyar kwantum, wato ta ƙananan abubuwa irin ƙwayar zarra, da lambar Newton ta jan nauyi, da lambar Boltzmann ta ilmin zafi, sai M a ƙasan layi, wato nauyin baƙin rami, wurin nan a sararin samaniya da jan nauyinsa ya kai ko haske ba ya iya kuɓuta daga cikinsa. Gidaje huɗu na fiziks da ba su cika gaisawa ba, ga su a tabarma ɗaya. Tun da M a ƙasa yake, ma'anar ita ce iya girman rami iya sanyinsa. Ramin da nauyinsa ya kai na rana, wanda daga tsakiyarsa zuwa gaɓarsa kilomita 3 ne kacal, zafinsa bai wuce kashi 60 cikin biliyan na digiri ɗaya ba sama da ƙarshen sanyi. Sararin samaniya kansa yana da ɗumin digiri 2.7, saboda haka a yau irin wannan ramin shan zafi yake yi fiye da yadda yake fitarwa. Sai duniya ta huce tukuna zai fara ramewa, kuma kafin ya ƙafe ƙaf zai ɗauki shekarun da adadinsu 1 ne da sifili 67 a bayansa. Duniyar gaba ɗaya shekarunta biliyan 13.8. Shi ya sa har yau ba wanda ya taɓa ganin tururin zafin da ramin ke fitarwa da na'ura, shi ya sa kuma Hawking ya tafi ba tare da kyautar Nobel ba.

Wata ma'aikaciyar wurin ta matso a hankali ta ce muna tare hanya. Muka tashi.

A wani shagon shayi da ke kusa da kogi yaron ya ce, "To Kawu, rami ya ƙafe, sai me? Ina rigimar?"

Sai na ba shi labarin da mahaifiyarsa ba ta taɓa ba shi ba, don tana goye a lokacin. Ina aji biyu a sakandare gobara ta cinye rumfar mahaifinmu a kasuwa. Yadi ya ƙone, atamfa ta ƙone, amma abin da ya sa tsohon ya zauna a ƙasa ya dafe kai shi ne littafin bashi, wani dogon littafi mai baƙin bango da ya rubuta da ajami: wane ya karɓi turmi kaza, wane saura kaza. Da safe na ga ya ɗebi tokar a tafin hannu yana kallo. Shekaru bayan haka, a jami'a, aka koya mini abin da na so a ce na sani a ranar, ko da ba zai amfane shi da komai ba. A dokar kwantum, abin da ke cikin littafin nan bai ɓace ba. Ya watse ne cikin toka da hayaƙi da zafi da hasken wutar. Da za a samu wanda zai tattara kowace ƙwayar zarra da kowane ɗigon haske, ya san inda kowanne ya nufa, zai iya bin lissafin da baya har ya karanta sunan kowane mai bashi. Ba ɗan Adam ɗin da zai iya, amma doka ba ta hana ba. Yanayin yau yana ɗauke da na jiya cikakke, kuma abubuwa biyu mabambanta ba sa ƙarewa a abu ɗaya sak. A kan wannan ginshiƙin aka ɗora ilmin kwantum gaba ɗaya.

Ya ce su ma a aikinsu haka ne. In ka goge fayil, yana nan kwance sai an rubuta wani a kansa, kuma ko an rubuta, wani masani mai suna Rolf Landauer ya nuna tun 1961 cewa gogewar sai ta fitar da ɗan zafi. Na ji daɗi, kuɗin makarantarsa ba su tafi a banza ba.

Na ce to yanzu a jefa littafin cikin baƙin rami maimakon wuta. A ilmin Einstein, rami in ya natsu abu uku kawai ake gane shi da su: nauyi, da juyi, da cajin lantarki. John Wheeler na jami'ar Princeton ya yi masa kirari da cewa ba shi da gashi, wato tal-kwabo ne, ba ka bambanta wannan da wancan. Ko littafin bashi ka jefa ko buhun gero mai nauyi ɗaya, daga waje duk ɗaya. Wannan bai dami kowa sosai ba, don ana iya cewa bayanin yana ciki, a kulle. Wheeler ɗin ne ma ya taɓa zolayar ɗalibinsa Jacob Bekenstein da cewa in ya haɗa shayi mai zafi da mai sanyi ya ƙara wa duniya hargitsi, amma in ya watsa su cikin baƙin rami ya ɓoye laifinsa. Bekenstein ya je ya dawo a 1972 da amsa: ramin yana da nasa ma'aunin hargitsi, kuma gwargwadon faɗin fatarsa ne, ba girman cikinsa ba. Hawking bai yarda ba da farko, ya shiga lissafi, sai lissafin ya juya masa a hannu. A 1974 ya buga cewa ramin yana fitar da tururi mai zafi. A 1976 ya kai maganar ƙarshenta: tururin nan ba ya ɗauke da labarin komai, zafi ne zalla, ya dogara da abubuwa ukun nan kaɗai. Ranar da ramin ya ƙafe, babu ciki balle a ce bayanin yana ciki. Littafin ya tafi ke nan, ba irin tafiyar gobara ba, tafiyar da ko a lissafi ba dawowa.

Yaron ya kurɓi shayinsa ya ce, "Gobe Asabar. Mu je garinsa."

Daga tashar King's Cross jirgin ƙasa mai sauri bai cika awa ɗaya ba zuwa Kambirij. Ƙasar shimfiɗaɗɗiya ce, kore shar, ga hazo a kwance kan gonaki. A hanya na ciro tsohuwar naira ɗari daga aljihu don in nuna masa inda gizo ke saƙar. Tururin Hawking tagwaye-tagwaye yake fitowa a gaɓar ramin: ɗaya ya tsere waje, ɗan'uwansa ya faɗa ciki. Tagwayen a ɗaure suke da juna ɗaurin da kwantum kaɗai ta sani. Kowane ɗaya in ka dube shi shi kaɗai, shirme ne, ba kai ba gindi, cikakken bayanin yana tsakaninsu ne. Na ninka takardar biyu na ce ya ɗauka an yaga ta. Rabi ba kuɗi ba ne, amma muddin ɗaya rabin yana wani wuri, ba a yi asara ba. To ramin ya yi ta haɗiye rabi-rabi har ya ƙare, a waje an tara tulin rabin takardu, abokan haɗinsu kuwa babu su a ko'ina cikin halitta. Wannan ne dokar kwantum ta ce ba zai yiwu ba.

Don Page, wanda ya zauna a gidan Hawking yana taimaka masa da hidimar yau da kullum a shekarun 1970, shi ya mayar da gardamar abin aunawa a 1993. Ya ce a ƙirga rabin takardun da ba su da abokan haɗi a waje. In Hawking ne da gaskiya, adadin zai yi ta hawa har ƙarshe. In kuwa bayani yana fita, to wajen tsakiyar rayuwar ramin dole layin ya karyo, ya gangaro har sifili, don tururin da ke fita daga baya zai zama shi ne abokin haɗin wanda ya fita da farko. Na zana masa a bayan tikiti: hawa, ƙololuwa, gangara, kamar rufin bukka. Duk wanda ya ce bayani na tsira, sai ya fito da wannan zanen daga lissafin jan nauyi. Shekara 26 ba wanda ya iya.

Kambirij garin kekuna ne. Sau biyu ana kusan kwashe ni, don idona ya saba duba ɓarin da ba shi ba. Muka taka daga tasha har tsakiyar gari, inda muka tarar da cincirindo a wata kusurwa kowa ya ɗaga waya. Agogo ne na kwalejin Corpus Christi, faifai mai ruwan zinariya wanda ya fi faifan tuwon biki girma nesa ba kusa ba, ba shi da hannu, sai ɗigon shuɗin haske ke zagayawa. A samansa wata ƙatuwar fara ta ƙarfe, mai haƙora, tana takawa tana buɗe baki tana haɗiye daƙiƙu ɗaya bayan ɗaya, lokaci-lokaci ta ƙifta ido. John Taylor ne ya ƙirƙiro shi, Hawking kuma ya buɗe shi a 2008. Da gangan aka yi shi yana jinkiri yana sauri, sau ɗaya cikin minti biyar yake faɗin daidai. Turawa na kallonta da ɗan tsoro. Ni kuwa da na tashi ina cin fara da yaji a bakin makaranta, na ce wa yaron wannan ko a Maraɗi sai an yi mata kasko na musamman. Mun fi minti goma a wurin.

Daga nan abubuwan kusa suke da juna. Ga cocin Great St Mary's inda aka yi jana'izarsa, ga kwalejin Gonville and Caius inda ya shafe sama da shekara 50, ga Trinity ta Newton da 'yar bishiyar tuffa a ƙofa. Kujerar farfesan lissafi da Newton ya hau a 1669 ita Hawking ya riƙe daga 1979 zuwa 2009. Ban daɗe a nan ba, masu yawon buɗe ido sun yi yawa. Muka haye kogin Cam ta wata siririyar gada, samari na tuƙa kwale-kwale da gora a ƙasa, muka bi ta gefen babban ɗakin karatu har titin Wilberforce, inda cibiyar lissafi take. Gine-gine ne gajeru, an shuka ciyawa a kan rufin na tsakiya. Nan ofishinsa na ƙarshe yake. Ranar hutu ce, wurin tsit, sai kekuna a jere. Muka zauna a wani benci, na ci gaba da ba shi labari.

Tun farko akwai waɗanda suka ƙi. Leonard Susskind na Stanford da Gerard 't Hooft na ƙasar Holan sun ce in aka bar bayani ya ɓace, fiziks ce za ta rushe. Daga tunanin Bekenstein suka fito da ra'ayin cewa duk abin da ke cikin wani sarari ana iya rubuta shi a bangon da ya kewaye shi. A 1997 wani matashi ɗan Ajantina, Juan Maldacena, ya kawo misali na lissafi inda duniya mai jan nauyi take daidai da wata duniyar kwantum marar jan nauyi da ke zaune a iyakarta. A ta biyun bayani ba ya ɓacewa, don haka a ta farkon ma bai kamata ba. A shekarar ce kuma Hawking da Kip Thorne suka yi caca da John Preskill na Caltech: wanda ya faɗi zai ba wanda ya ci kundin sani, littafin da ake ciro bayani daga cikinsa in an so. A watan Yuli na 2004, a wani taro a Dablin, Hawking ya ce ya faɗi. Ya ba Preskill kundin wasan besbol, daga baya ya yi barkwanci cewa da tokar littafin ya ba shi. Thorne ya ƙi sa hannu.

A ganina an biya cacar ne kafin a gama shari'a. Hujjar da Hawking ya bayar a Dablin ba ta gamsar da yawancin masana ba, kuma ba ta nuna ta ina bayanin ke bi ya fita ba. Shaida ita ce a 2012 wasu huɗu a Santa Barbara, Almheiri da Marolf da Polchinski da Sully, suka nuna cewa in tururin baya yana ɗaure da na farko, ba zai kuma ɗaure da tagwayensa na ciki ba, don wannan ɗaurin ba ya karɓar kishiya. In kuwa aka tsinke na cikin, gaɓar ramin za ta zama katangar wuta, alhali Einstein ya ce mai faɗawa babban rami ba zai ji komai ba sa'ad da yake tsallake gaɓar. Hawking kansa bai huta ba. A 2016 shi da Malcolm Perry da Andrew Strominger suka ce wataƙila ramin yana da ɗan gashi mai laushi da ke riƙe bayani, kuma a kan wannan yake aiki har ya rasu.

La'asar ta kawo jiki, muka juya zuwa titin Mill, inda masallacin garin yake. An buɗe shi a 2019. Ban taɓa ganin irinsa ba: ginshiƙan katako ne da suka tashi kamar bishiyoyi, rassansu suka sarƙe suka riƙe rufi, haske na sauka ta sama. Na yi alwala da ruwan ɗumi, abin da gwiwoyina suka gode wa. Bayan sallah muka zauna a lambun gaba, na ƙarasa masa. A 2019 ɗin dai, shekara ɗaya bayan rasuwar Hawking, Geoff Penington shi kaɗai, da kuma Ahmed Almheiri ɗan Haɗaɗɗiyar Daular Larabawa tare da Netta Engelhardt da Donald Marolf da Henry Maxfield, suka fito da zanen Page daga lissafin jan nauyi kansa. Abin da suka samu baƙo ne: bayan tsakiyar rayuwar ramin, wani yanki na cikinsa, wanda aka kira tsibiri, a lissafi ya koma cikin kason tururin da ke waje. Wato rabin takardun da muke cewa sun ɓace a ciki, ashe a wata fuska suna cikin tulin da ke hannunmu. Layin ya karyo, ya gangaro, yadda Page ya ce.

Ya ce, "Shi ke nan an gama?"

Na ce a'a. An yi lissafin ne a duniyoyi na gwaji da aka sauƙaƙa, ba a irin ramin M87 da aka nuna wa duniya hotonsa a watan Afrilu na 2019 ba, mai nauyin rana biliyan 6.5. Ya nuna adadin ya fito daidai, bai nuna yadda za ka karanta littafin daga tururin ba. Kuma akwai manya irin su Roger Penrose da William Unruh da Robert Wald da suka tsaya a kan cewa bayanin yana ɓacewa, kuma ba abin tashin hankali ba ne. Ni dai zuciyata tana tare da masu cewa yana tsira. Na tuna masa da allonmu na makarantar Malam: a rubuta, a wanke, allo ya koma fari fes, tawadar kuwa tana cikin ƙwarya, ko ɗigo bai tafi ko'ina ba, sai dai ba mai iya duba ruwan ya karanto maka layin. Ya ce wannan misali ne, ba hujja ba. Na ce na sani, ni na koya wa uwarka bambancinsu.

Duhu ya yi kafin mu kai tasha. A jirgi ya yi shiru har na ɗauka barci ya yi, sai ya ce, "Kawu, bashin fa? Kaka ya samu kuɗinsa?"

Na ce wasu sun zo da kansu tun a makon, wasu sun ji littafi ya ƙone sun yi lamo. Tsohon bai bi kowa ba. Amma shekara tara bayan gobarar, ina hutu a gida, wani dattijo ya yi sallama daga wani ƙauye, ya kwance bakin rawaninsa ya ƙirgo kuɗin turmi biyu na atamfa, ya faɗi launinsu da ranar kasuwar da ya karɓa. Mahaifina ya ce sam bai tuna ba.

"Nawa ne?"

"Naira 36."

Ya ciro waya yana ƙoƙarin lissafa nawa ke nan a kuɗin yau, sai jirgin ya shiga ramin da ke gab da King's Cross, sabis ya ɗauke.